Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Abin da hoto ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

Tambaya: Likita, ina karatun likitanci, bana muka fara shiga ɗakin yara. Littafi ya ce ƙurajen ƙyanda jajaye ne, amma yaran da na gani ban ga ja a jikinsu ba. Ko ni ne ban iya dubawa ba? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗana, idonka lafiya lau. Littafin ne bai san yaranmu ba. Yawancin littattafan da muka yi karatu da su a Ingila da Amurka aka buga su, hotunan cikinsu kuma na farar fata ne. A jikin baƙin yaro ƙurajen sukan fito duhu-duhu, wani lokaci da ƙyar ake ganinsu. Shafa da hannunka, za ka ji su. Buɗe bakin yaron ka duba cikin kumatu, a farkon ciwon akan ga ƴan fararen ɗigo kamar gishiri. Ciwon shawara kuwa a farin ido ake kama shi, ƙarancin jini a cikin fatar ido ta ƙasa da tafin hannu da harshe.

Wannan giɓin yana ci mini rai, domin jaririn da aka makara gane shawararsa tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. An dai fara gyara. A 2020 wani ɗalibi ɗan asalin Zimbabuwe, Malone Mukwende, da malamansa a jami'ar St George's da ke Landan suka fitar da ɗan littafi mai suna Mind the Gap, na alamomin cuta a baƙar fata. A ƙarshen 2021 zanen wani ɗan Najeriya, Chidiebere Ibe, na baƙin ɗan tayi a cikin mahaifiyarsa ya zagaye duniya, har likitoci da dama suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, kana zana abin da ka gani ko da zanen bai yi kyau ba. Hannun da ya zana ba ya saurin mantuwa. Ba sabon abu ba ne ma: kimanin shekara dubu da ta wuce likita Az-Zahrawi na Andalus ya zana kayan fiɗa wajen 200 a littafinsa don masu koyo. Amma kada ka ɗauki hoton mara lafiya sai da yardarsa ko ta iyayensa.

Tambaya: A asibiti an ba ni wani ɗan awo mai launi uku, an ce in riƙa gwada hannun ɗiyata mai wata 14. Ban riƙe bayanin ba. (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Ƴar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya. Awon tamowa ne, na yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kuma an sa masa launi ne don ko wanda bai yi boko ba ya karanta. Ki zagaya shi a damtsen hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, kada ki matse. Kore, alhamdu lillahi. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, ta fara ramewa, ki kai ta a duba. Ja, ƙasa da 11.5, ranar za ki kai ta. Abu ɗaya da awon ba ya gani shi ne kumburi. Ki danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku a hankali. In rami ya zauna, asibiti za ki nufa ko da awon kore ya nuna.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon suga, ya ji rauni a ƙafa mako biyu ke nan. In turo miki hoton ta WhatsApp? (Wani ɗan kasuwa daga Kumasi)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Alhaji, kada ka tsaya jiran amsar hoto. A waya ba zan ji zafin ƙafar ba, ba zan ji wari ba, ba zan taɓa jijiya in san ko jini na kaiwa yatsu ba, kuma hasken waya kan sauya launin gyambo. Mai suga sau da yawa ba ya jin ciwon, sai ya yi zurfi. Ka ɗauke shi zuwa asibiti yau, ku tafi da magungunan da yake sha, kuma kafin ku isa kada ya taka ƙasa ba takalmi.