Wa ke sa hannu kafin tiyatar haihuwa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko za a iya yi miki tiyatar haihuwa maigida bai sa hannu ba. Za a iya. Muddin kin kai shekara 18 kuma kina cikin hayyacinki, yardarki ake nema. A Najeriya, Dokar Lafiya ta 2014 ta wajabta a bayyana miki halin da kike ciki, hanyoyin magani, haɗarinsu, da 'yancinki na ƙi, cikin harshen da kike ji.

Jiran maigida alhali naƙuda ta tsaya shi ne abin tsoro: mahaifa kan fashe, ko yoyon fitsari ya biyo baya. Ku gama shawara tun lokacin awo. Idan kin suma, likita zai ceci ranki ba jiran takarda.