Su Wane Ne Ke Zagaye da Na'urar Asibiti Kafin Ta Isa Gadon Majinyaci

Tambayarka biyu ce a dunƙule, ɗana. Ka ce ka zauna a taron da aka yi kan sabuwar na'urar ƙarin ruwa, ka duba fuskoki, ka ga yawancinsu ba su taɓa riƙe sukudireba ba, amma kowa yana da bakin magana, har wata ta hana a canza noti ɗaya sai an cike takarda. To su wane ne, kuma me suke yi? Sannan ka ce kai da ba ka da digiri, sai hannu da dalma, ina naka wurin a cikinsu? Zan amsa maka duka biyun, amma ta farko tana da tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Hanyoyin da na'urar asibiti za ta bi ta cuci mutum suna da yawa, kuma babu kai ɗaya da zai hango su duka. Shi ya sa kowane mutum da ka gani a teburin nan akwai tambayar da aka ɗora masa, wadda in bai yi ta ba, ba mai yi. Idan ka gane tambayar kowa, ka gane taron.

Likita shi ne mai kawo matsala. A ranar 31 ga Oktoba, 1957, wuta ta ɗauke a birnin Miniyapolis na Amurka. A lokacin, yaran da likitan tiyata Walton Lillehei ya yi wa aikin zuciya suna dogara ne da manyan na'urorin daidaita bugun zuciya da ake jonawa a bango. Wuta ta tafi, na'ura ta tsaya. Lillehei ya nemi Earl Bakken, wanda sana'arsa a lokacin gyaran kayan lantarkin asibiti ce, ya ce masa yana son wadda za ta yi aiki da batir. Cikin mako huɗu ko kusa da haka Bakken ya kawo ƙaramin akwati mai transisto, kuma tsarin wayoyinsa ya aro shi ne daga zanen wata na'urar ƙidaya bugun kiɗa da ya gani a mujalla. Ka lura da rabon aikin. Lillehei bai ce a sa transisto ba, Bakken kuma bai ce ga yadda zuciya ke so ba. Likitan kirki yakan ce, "Jarirai suna buƙatar magani kaɗan-kaɗan, kuma kuskuren digo ɗaya yana iya kashe su." Wanda yake ba mu wahala shi ne mai zuwa da na'urar a kansa ya ce a ƙera masa ita kawai. Don gudun haka ne a shirin koyar da ƙirƙirar kayan asibiti na Jami'ar Stanford ake tura likitoci da injiniyoyi tare su zauna a asibiti suna kallo, suna rubuta buƙatu, kafin a yarda kowa ya zana komai.

Amma likita ba shi ke kwana da na'urar ba. Nas ce. Kuma a wurina, in aka ce a rage mutum ɗaya daga taron, ita ce ta ƙarshe da zan yarda a taɓa. Ita za ta danna maɓallan nan da ƙarfe uku na dare, da safar hannu jiƙaƙƙiya, ga marasa lafiya da yawa suna jiranta, ga ƙararrawa na kuka ta ko'ina. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ita za ta gaya maka cewa ɗigon da ke tsakanin 1.0 da 10 ba ya fitowa sosai a allon, kuma wannan ɗigon shi ne bambancin magani da guba. Ita za ta gaya maka cewa in ƙararrawa ta cika kuka a banza, ma'aikata za su daina jin ta. Shekaru da yawa bakin tiyon da ake ɗura wa majinyaci abinci a ciki yana shiga daidai cikin bakin tiyon jijiya, saboda mahaɗarsu iri ɗaya ce, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Gargaɗi da horo ba su kashe matsalar ba, sai da aka fito da ƙa'idar ISO 80369 wadda ta sa aka bambanta bakunan ta yadda ko ka so ba za su haɗu ba. Wancan mutumin da ka gani yana ta rubutu bai ce uffan ba, aikinsa ke nan: ya ba nas samfuri, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya kalli inda hannunta zai yi tuntuɓe. In ta yi kuskure, ba ya rubuta cewa nas ta yi kuskure. Yana rubuta cewa ƙirar ta ja ta zuwa ga kuskure.

Injiniyoyi ka riga ka san su. Mai ƙarfe da roba yana tunanin ko kwanson zai jure faɗuwa da ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Mai lantarki yana tunanin kada wuta ta zurara ta shiga jikin majinyaci, kuma littafin ƙa'idojinsa shi ne IEC 60601. Akwai kuma wanda ba ya ƙera ɓangare ko ɗaya, sai dai ya tabbatar ɓangarorin sun dace da juna, domin yawancin ɓarna a mahaɗa take faruwa, inda kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya kula.

Mai manhaja zan ɗan tsaya a kansa. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa aƙalla mutum shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Na'urar da ta gabace ta tana da makullan kariya na ƙarfe da waya waɗanda ke hana hasken fita in abubuwa ba su daidaita ba. A sabuwar aka cire su, aka bar wa manhaja gadin, manhajar kuma mutum ɗaya ne ya rubuta ta, ba wanda ya zo daga waje ya bi ta layi-layi. Kuskuren yana fitowa ne idan mai sarrafa na'urar ya gyara rubutu da sauri cikin 'yan daƙiƙoƙi, wato sai hannun da ya ƙware ne ke tono shi. Ka san wa ya gano? A wani asibiti a Texas, masanin fiziks na asibitin ne da ma'aikaciyar da ke danna na'urar suka zauna suna maimaitawa har kuskuren ya sake bayyana. Daga irin wannan ne aka koyi cewa wanda ya gina abu ba shi kaɗai zai gwada shi ba. Mai gwaji mutum ne daban, kuma ana biyansa ne don ya karya abin da muka yi. Kada ka ji haushinsa ranar da ya dawo maka da aikinka a lalace.

Yanzu ga matar da ta hana ka canza noti. Ita ce mai kula da inganci. Tambayarta ita ce: in wannan na'urar ta cuci wani bayan shekara biyar, za mu iya bin sawu mu gano wane noti ne, daga wace masana'anta, a hannun wa? Notin da ka ga ya fi kyau wataƙila ƙarfensa yana tsatsa a ruwan wanki, ko kuma duk gwajin da aka yi an yi shi ne da tsohon, ka ga canjinka ya rushe shaidar. Tsarin da take bi shi ne ISO 13485, na lissafin haɗari kuma ISO 14971, inda ake jera duk abin da zai iya lalacewa, a auna muninsa da yiwuwarsa, a rubuta abin da aka yi don rage shi. Kusa da ita akwai mai hulɗa da hukuma. A Amurka, tun dokar 1976, hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ta kasa na'urori gida uku gwargwadon haɗarinsu, daga bandeji zuwa abin da ake dasawa a zuciya, kuma Tarayyar Turai ta sabunta tata dokar a 2017. Bakken ya gwada akwatinsa a jikin kare, washegari ya tarar da shi a jikin yarinya. Yau ba za a yi haka ba, kuma ni ban ga asara a cikin hanawar ba. Waɗannan mutum biyun sukan jinkirta mu, wani lokaci har takardun su yi yawa fiye da buƙata, amma tawagar da ta kira su a ƙarshe maimakon a farko, sau da yawa sai ta sake aikin daga tushe.

Sai masu gwaji a jikin mutane: mai tsara binciken, mai lissafin alƙaluma da zai ce mutum nawa ake buƙata kafin a yarda da sakamako, da kwamitin ɗa'a mai tabbatar da cewa duk wanda aka gwada a jikinsa ya fahimta kuma ya amince. A nan tambayar da ta fi nauyi ita ce, a jikin wa aka gwada? Ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970, kuma ya ceci mutane ba adadi. Haske yake turawa ta cikin fata. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa yana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Na'urar ta nuna lafiya lau, majinyaci kuwa yana cikin haɗari. Wannan ba matsalar waya ba ce. Mutanen da ya kamata a gwada a jikinsu da yawa ne ba a kawo isassu ba. Shi ya sa tawaga mai hankali take zaunar da majinyaci ko mai jinyarsa a teburin.

Sauran zan wuce da sauri. Mai masana'anta yana tambaya ko abin da muka yi guda ɗaya da hannu za a iya yin dubu goma iri ɗaya. Mai sayayya yana tambaya ko ɓangaren nan zai ci gaba da samuwa. Lauya yana duba ko dabarar ta wani ce. Mai kuɗi yana tambaya wa zai saya, domin na'urar da asibiti ba zai iya biya ba ba ta warkar da kowa. Manajan aikin kuma, wanda ka ɗauka shi ne shugaba, riƙe lokaci da kasafi yake yi, yana sa mutane su yi magana da juna. A maganar ciwo ba zai take likita ba, a maganar aminci kuma mai inganci tana iya tsayar da shi.

To kai fa?

Akwai wani mutum, Vivien Thomas, kafinta ne tun asali. Ya tara kuɗin karatun likita, ya kama aiki a ɗakin gwaji na likitan tiyata Alfred Blalock a 1930, kuɗin kuma suka salwanta lokacin karayar tattalin arzikin Amurka. Bayan sun koma asibitin Jami'ar Johns Hopkins, likitar zuciyar yara Helen Taussig ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa da nakasar zuciya, jikinsu ya yi shuɗi don rashin iska. Thomas ne ya yi ta maimaita aikin a jikin karnuka har ya daidaita, shi ya gyara allurai da matsan da za su dace da jijiyar jariri, domin babu su a kasuwa. Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, da aka yi wa jaririya ta farko aikin, Blalock ya sa Thomas ya tsaya a bayansa a kan ɗan matakala yana gaya masa inda zai ɗinke. Aka sa wa aikin sunan Blalock da Taussig, ba a ambaci Thomas a takardar da aka wallafa ba, saboda baƙar fata ne kuma ba shi da digiri. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. An zalunce shi, kuma ba don in ce ka yarda a shafe sunanka na ba ka labarin ba. In ka yi aiki, ka tabbatar an rubuta. Na ba ka ne don ka ga cewa tsakanin abin da ke kan likita da abin da ya shiga ƙirjin jaririyar nan, hannun mai sana'a ne ya tsaya.

Tambayar da aka ɗora maka ita ce: abin nan da aka zana, yana haɗuwa kuwa, kuma in ya lalace za a iya gyara shi? Kai ne na farko da zai san cewa wayar nan tana gogar gefen kwanso, cewa sai an kwance noti takwas kafin a kai ga batir, cewa mahaɗar nan ana iya sa ta a juye. Injiniya yana ganinta a kwamfuta, kai kana jin ta a yatsa. Kuma kai ne wakilin mai gyaran da ke can wani asibiti mai nisa, wanda zai buɗe ta ba tare da kowa daga cikinmu a kusa ba. In ka ga abu, ka faɗa a taron, ba a bayan taro ba, kuma ka zo da shi a hannu. Digiri ba ya musu da wayar da ta goge.

Abu biyu ne ba na yafewa a wannan teburin. Kada ka gyara kuskuren zane a ɓoye don ka rufa wa injiniya asiri, domin samfurinka zai yi aiki, dubun da masana'anta za ta buga daga zanen kuma su fito da kuskuren. Kuma kada ka rubuta lambar da ba mita ce ta ba ka ba, ko da ta kauce wa abin da ake so da ɗan kaɗan ne.

Gobe ka ɗauki samfurin da ke kan teburinka, ka sa safar hannu biyu, ka rage hasken ɗakin, ka gwada canza batirinsa kana duba agogo. Abin da ka samu ka rubuta shi a takardar rahoto da lambar samfurin, ka kai wa mai inganci kwafi ɗaya, ɗaya kuma ga injiniyan kwanso kafin taro na gaba.