Tambayi Likitan Dabbobi: Kwikwiyona yana kashin tsutsa, cikinsa sai girma yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah inada tambaya, wani maƙocinmu ne karyarsa ta haihu sai ya bani kwikwiyo ɗaya saboda gadi dan unguwarmu sabuwa ce ɓarayi sun dame mu, yanzu satinsa shida da haihuwa, toh tunda na kawoshi yana cin abinci sosai amma baya ƙiba sai ciki kawai yake girma, haƙarƙarinsa duk a waje gashin jikinsa ya tashi ba ƙyalli, shekaranjiya da safe naga yayi kashi da wasu abubuwa farare dogaye kamar taliya har suna motsi jiya kuma yayi amai dasu. Wani abokina mai kiwon shanu yace in ɓallo rabin ƙwayar tsutsa ta shanu in bashi, wani kuma yace kanwa zan jiƙa masa, ni dai ban bashi komai ba tukuna. Ya zanyi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, amin na gode. Ka kyauta da baka bashi komai ba, ƙwayar shanun da kanwar duk ka ajiye su gefe. Abinda ka gani macijin ciki ne na karnuka, kuma kada ka zargi maƙocinka cewa mara lafiya ya zaɓo maka, mafi yawan kwikwiyoyi da ita suke zuwa duniya. Uwar ce ke basu. Ƙananan tsutsotsin suna kwance shiru a naman jikin karya ko da an taɓa bata magani, sai ta ɗauki ciki su farka su bi ta mabiya su shiga jikin ƴaƴan tun basu fito ba, wasu kuma su biyo ta nono. Shi yasa ɗan sati uku ma kan fara zubar da ƙwan tsutsa a kashi alhali ko tafiya bai gama iyawa ba. Abincin da kake bashi su ke rigansa cinyewa, shine kaga ciki gaba jiki baya.

Amma kafin maganar magani, yanzun nan ka ajiye mujallar ka je ka ɗaga leɓensa na sama ka dubi dasashinsa. Na lafiyayyen kwikwiyo ja-ja ne mai danshi, in ka danna da yatsa yayi fari ka saki, jan zai dawo kafin ka ƙirga biyu. In ka tarar dashi fari fat ko ya koɗe, toh wannan ba aikin gida bane, ka ɗaukeshi zuwa asibiti yau ɗin nan. Dalili kuwa akwai wata tsutsar da ta fi wadda ka gani haɗari, mai ƙugiya, ƴar ƙarama ce tsawonta bai fi santimita 1 zuwa 2 ba kuma da wuya ka ganta a kashi, ita kama bangon hanji take tana zuƙar jini. Alamarta kashi baƙi mai danƙo da kasala da farin dasashi, kuma tana kashe ƙaramin kwikwiyo cikin ƴan kwanaki dan jinin jikinsa duka nawa yake. Kaska ma tana kawo cutar da ke sa dasashi yayi fari, likita ne zai bambance. Ku da kuke Zariya ma kun huta, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ka ɗebi ɗan kashin da yayi a ranar ka ƙulle a leda ka tafi dashi, a madubin likita za'a duba a ga ƙwan wace iri ce. Gwajin yana da amfani dan akwai wasu ƙwayoyin cutar hanji da ke sa zawo waɗanda ba tsutsa bane, kuma maganinsu daban.

In kuwa dasashi lafiya, yana ci yana wasa, toh magani ne mai sauƙi kuma ba tsada. Wanda aka fi ba ƙananan kwikwiyoyi shine wanda zaka ga an rubuta pyrantel a jikin kwalbar, ana bayarwa tun daga sati biyu da haihuwa, yana maganin macijin cikin da mai ƙugiyar duka. Akwai kuma fenbendazole da ake bayarwa kwana 3 a jere. Duka biyun da nauyin jiki ake auna su ba da ido ba, pyrantel miligiram 5 ne ga kowane kilo, fenbendazole miligiram 50 ga kowane kilo a kullum, sai dai ƙarfin maganin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, dan haka ka bar likitan ya lissafa maka ya nuna maka layin da zaka tsaya a jikin sirinji. Naka shine ka san nauyinsa. Ka sakashi a bokiti ka ɗora kan sikelin mai kaji ko mai kifi, sannan ka auna bokitin shi kaɗai ka cire. Wajen bayarwa ka cire allurar daga sirinjin, ka zura bakin sirinjin ta gefen kumatu ka dinga turawa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa, kada ka ɗage kansa sama ka kwarara masa a maƙogwaro, zai iya shaƙewa maganin ya tafi huhu.

Ga inda mutanenmu suke faɗuwa. Sai a bada sau ɗaya, washegari aga tsutsa ta zubo tuli a kashi, ace Alhamdulillah an rabu da ita, bayan wata ɗaya ciki ya sake kumbura ace ai maganin jabu ne. Ba jabu bane. Shi maganin, manyan da ke zaune cikin hanji kawai yake kamawa, su kuwa ƙananan a lokacin basa ma hanjin, suna kan hanya, daga hanta su wuce huhu, kwikwiyon yayi tari ya haɗiye su sannan su sauka hanji su girma, wannan ɗan tarin da ake ji wajen wasu kwikwiyoyin ma wani lokaci sune. Dan haka dole a maimaita a tare waɗanda suka iso daga baya. Tsarin da aka sani shine sati 2, sati 4, sati 6, sati 8, daga nan duk wata har ya kai wata 6, sannan duk bayan wata 3 iya rayuwarsa. Naka tunda ya kai sati shida ba'a fara ba, ka bashi yanzu, ka sake bayan sati biyu, ka kuma sakewa bayan wasu sati biyun, sai ka koma na wata-wata. Ka rubuta ranakun a kalanda ko ka sa a waya, kuma duk zuwa ka sake aunashi dan nauyinsa canzawa yake da sauri. Ka faɗawa maƙocinka shima ya ba uwar da sauran ƴaƴan.

Bayan ya sha zaka ga tsutsa a kashi kwana ɗaya ko biyu wasu ma da rai, ba komai. Abinda zai sa ka koma asibiti da gudu shine in amai yaƙi tsayawa, cikin yayi tauri yana kuka kuma baya kashi, dan in sunyi yawa sukan dunƙule su toshe hanji. Haka in ya daina cin abinci kwata-kwata, yana amai yana zawon jini mai wari sosai, wannan yawanci ba tsutsa bace, wata muguwar cutar hanji ce ta karnuka da ake kira fabo (parvo), ita kuma ƙarin ruwa take buƙata cikin gaggawa.

Ƙwayar shanu kuwa, an yi ta ne dan dabba mai kilo ɗaruruwa, naka kwikwiyon da ƙyar in ya haura kilo 2, ta ina zaka ɓallo daidai? Kuma yawancinsu albendazole ne, wanda kan iya taɓa ɓargon kare ya hana shi yin jini. Allurar ivermectin ta shanu ma da wasu ke ɗiba su tsira wa kwikwiyo, in ta yi yawa sai kaga yana tangaɗi yana dalalar da miyau ido ya daina gani, wani daga nan sai mutuwa. Kanwa bata kashe tsutsa, zawo kawai zata ƙara masa. Tafarnuwa da albasa kuma lalata jinin kare suke, kada ma ka bashi ragowar miyar da suka yi yawa a ciki. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane suma babu su.

Abinci ka bashi kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana, tuwo ko shinkafa mai laushi da dafaffen ƙwai ko kifi da aka cire ƙaya ko ɗan nama, ƙanzo da ruwa kawai bazai gina shi ba. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo. Ruwa mai tsafta kullum a gabansa. In ya murmure sai allurar rigakafi, ta fabo da sauransu ana farawa tsakanin sati 6 zuwa 8 a dinga maimaitawa har wajen sati 16, ta haukan kare kuma in ya cika wata 3, wannan ta ƙarshen ba wasa a cikinta tunda cuta ce mai kashe mutum. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar haukan karen, ka tambaya a asibitin dabbobi.

TAMBAYA: Likita ina wuni, maigidana ne ya kawo ɗan kare gidan gona inda muke zaune yarana kuma basu da aiki sai wasa dashi a ƙasa, ance min tsutsar kare tana kama mutum, da gaske ne? In siyo musu maganin tsutsa a kemis? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Da gaske ne, amma ba ta hanyar shafa shi aka fi ɗauka ba, ta ƙasar da yayi kashi ne. Macen macijin cikin karnuka guda ɗaya tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana, ido baya ganinsu. Abin da zai taimake ki shine ƙwan baya iya kama kowa ranar da ya fito, sai ya yi sati 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya nuna, dan haka in ana kwashe kashin kullum kin gama da mafi yawan matsalar. In kuwa aka barshi ya bushe ya baje, ƙwan zai iya shekaru a wurin da ransa, kuma ruwan bilic baya kashe shi, tafasasshen ruwa ne ke yi. A sa shebur a kwashe har da ƴar ƙasar da ke ƙarƙashi, a zuba a masai ko a binne da zurfi nesa da rijiya da lambu. Yaron da ke rarrafe yana kai ƙasa baki shi ya fi shiga haɗari, in ya haɗiyi ƙwan tsutsar bata girma a hanjinsa, yawo take a jiki, ta kan je hanta ko huhu, wani lokaci har ido ta lalata gani. Ita kuma mai ƙugiya ta fata take shiga musamman da damina in ƙasa ta jiƙe, sai kiga wani jan layi mai lanƙwasa a ƙafar yaro ko ɗuwawu yana ƙaiƙayi kamar me. Takalmi, yanke farce, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada a bari yana lasar bakinsu, kwanonsa daban, in akwai tulin yashi da suke wasa a kai a hana karen zuwa wurin. Maganin yara kuwa ba ni zan rubuta ba, ki kaisu asibitin mutane ki faɗa musu akwai kare a gidan. Shi ɗan karen a bi masa tsarin da na faɗawa mai tambayar farko.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni mafarauci ne inada ɗan kare wata huɗu na bashi maganin tsutsa har sau uku amma har yanzu ina ganin wasu abu kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarsa yana ta jan ɗuwawu a ƙasa, kuma ina siyo masa kayan ciki daga kwata. Daga wani mai karatu a Azare.

AMSA: Tare da naka ɗan'uwa. Wannan tsila ce, kuma maganin da ka bashi mai yiwuwa ba nata bane, nata shine praziquantel. Amma ko ka bashi zata dawo muddin akwai ƙuma a jikinsa, dan ta cikin ƙuma take shiga, yana cizon jikinsa ya haɗiye ƙumar shikenan. Ka buɗe gashin cikinsa da gindin wutsiya zaka gansu suna gudu. Ka nemi maganin ƙuma na karnuka wajen likita, ka wanke buhun da yake kwanciya da ruwan zafi ka shanya a rana, dan Allah banda fiya-fiya banda kananzir banda baƙin mai, guba ne a jikinsa. Kayan cikin kuma ka daina bashi ɗanye. Irin hanta da huhun nan da mahauta ke yankewa su jefar saboda sunga ƙulli mai ruwa a ciki, wata tsilar ce daban, kare na ci sai ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashi, in ya shiga cikin mutum irin wannan ƙullin yake yi masa a hanta ko huhu, sau da yawa sai an yi tiyata. Ka dafa su dahu sosai, masu ƙullin kuma kada ma ka karɓa ko kyauta ne, haka kayan cikin naman dajin da kuka kamo, a dafa kafin a jefa masa.