Suna Cin Jarrabawa, Amma Ba Su Iya Isar da Saƙo Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin sadarwa a wurin aiki a wata makarantar koyon sana'a a nan Kumasi. Ɗalibaina suna haddace bayanai su ci jarrabawa, amma in aka ce su rubuta wa ma'aikata sanarwa, sai a rasa kan maganar. Yaya zan yi da su?
Wata malama daga Asawase

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗan ajiye littafin, ki kawo musu labarin abin da ya faru da gaske, amma ki riƙe ƙarshensa a hannunki. Wannan ba sabuwar hanya ba ce: tun 1870 makarantar lauyoyi ta Harvard a Amurka take koyarwa da shari'o'in da aka riga aka yanke.

Ki fara daga gida. A Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya zubar da sifiri huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. An cika rediyo da talabijin da saƙo guda: darajar kuɗin ba ta canja ba. Amma ki shiga kasuwar Kejetia yau, za ki ji mai tumatir ta ce "miliyan ɗaya", alhali sidi 100 take nufi. To, saƙon ya isa ko bai isa ba? A ganina hannu ya karɓa, baki ne ya ƙi. Kada ki faɗa musu ra'ayina, bar su su yi gardama har a kaɗa ƙararrawa. Sannan kowa ya ɗauka shi ne mai shago da yara goma, saura kwana biyu a fara sabon kuɗi. Me zai gaya musu, da Hausa ko Tonanci ko Turanci? Baki da baki, ko takarda zai liƙa a bango?

In sun saba, sai ki kawo mai nauyin. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka rasu. Daren jajibirin, injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa sanyi zai hana zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar aiki, manya suka ce a tashi. Ki tsayar da labarin a wannan daren, ki nuna ɗaya ki ce: kai ne ƙaramin injiniyan, ga maigida a gabanka, yi magana.

A nan za ki ga inda gizo ke saƙa. Yaranmu na Zango an rene su a kan kada a musa wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Na taɓa gwada wannan da wasu matasa a unguwar Aboabo, wani ya kwashe minti biyu yana gaisuwa da neman afuwa, har na katse shi bai ambaci zoben ba. Sau uku ya maimaita kafin haɗarin ya fito a jimlarsa ta farko, kuma ladabinsa bai ragu ba.

In ɗalibai za su kawo labari daga inda suke koyon aiki, su cire sunan wurin da na mutanen tukuna.