An yi wa kwamfutata fomat, shi ke nan sirrina ya goge?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da tsohuwar laftof ƙirar HP wadda na yi karatu da ita, da kuma wata ta tebur ta maigidana da ta shekara uku ba ta tashi ba. Za mu tashi daga gidan haya, ina so in sayar da laftof ɗin, ta tebur kuma in ba 'yan gwangwan. Abin da ke hana ni barci shi ne akwai hotunan bikina da na suna a ciki, wasu ko ɗankwali babu a kaina, ga hoton takardar NIN ɗina da takardun filinmu. Yaron da ke yi mana gyara ya ce fomat kawai zai yi komai ya tafi. Maƙwabciyata kuma ta ce in jiƙa su a bahon ruwa su kwana. Wanne zan bi?
Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ko ɗaya ta fita daga gidanki tukuna. Yaron bai faɗa miki daidai ba, maƙwabciyar ma haka, amma maganar yaron ta fi haɗari, domin ita ce wadda mutane ke yarda da ita su kwanta su yi barci.

Kusan kullum sai wani ya shigo shagona ya ce mini "ai an yi mata fomat." Har na gaji da jin wannan magana. Fomat ɗin da yaran gyara ke yi, wanda ke ƙarewa kafin ki gama amsa sallama, ba ya goge komai. Ki ɗauka gidan haya ne. Mai gida ya soke sunan ɗan haya daga littafinsa, ya rubuta "ɗaki ba kowa" a ƙofa, amma gado da akwati da kwanuka suna nan a ciki. Ba za su fita ba sai ranar da sabon ɗan haya ya zo da nasa kayan. Haka faifan ajiya yake, wanda masu gyara ke kira hadi-dis. Abin da fomat ke sharewa shi ne jerin da ke nuna inda kowane hoto yake zaune. Hoton kansa yana nan daram har sai an rubuta wani abu a kansa. Ki yi tunani ma: faifan da ke ɗaukar awa biyu ana zuba masa kaya, ta yaya za a wanke shi tas a daƙiƙa goma? Almajiri ya san kifa allo daban, wanke allo daban.

Kuma dawo da kayan ba ya buƙatar wani gwani. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kyauta suke a intanet, ɗan sakandare zai iya sauke su ya danna. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini laftof da ya saya hannu na biyu, yana so in nemo masa wata takarda da ya goge bisa kuskure. Takardarsa ta fito, sai ga hotunan iyalin wani mutum daban sun biyo bayanta, ɗaruruwa, har da na asibiti. Wancan mutumin yana can hankalinsa kwance, an ce masa an yi fomat. Na goge su a gaban mai kwamfutar, amma da a wani hannun ta faɗa fa?

Ba a nan kawai ake wannan sakaci ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun fitar da sakamakon wani bincike. Sun sayi tsofaffin faya-fayai 158, guda 129 suna aiki, amma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A sauran sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000 da bayanan marasa lafiya. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, har yau a kasuwanninmu ana ta maimaita kuskuren.

Akwai ma wani ɓangaren da ya fi ba ni haushi. Masu gyaranmu sun saba raba faifai gida biyu, C da D, su ce wa mai kwamfuta ya riƙa ajiye kayansa a D saboda ko Windows ta lalace kada ya yi asara. Shawara ce mai kyau. To amma ranar sayarwa sai yaro ya yi wa C fomat, ya ɗora sabuwar Windows, D kuwa ko kallonsa bai yi ba. Mai saye ba ya buƙatar wata manhaja, danna biyu kawai zai yi. Wasu kuma kafin su yi fomat sai sun kwashe komai zuwa nasu faifan "saboda ko za ki nema daga baya." Wa ya aike su? Ban ce duk masu gyara maciya amana ne ba, sana'ata ce, na san mutanen kirki da yawa a cikinta. Amma faifan shago hannu goma ke taɓa shi a rana, har da yaran da ke koyon aiki.

Ruwa kuwa, ki bar shi. Bayanan suna kan faranti ne a cikin rufaffen akwatin ƙarfe. Ruwa zai iya lalata allon wutar da ke waje, masu aikin ceto bayanai kuma canza wannan allon aikinsu ne na yau da kullum. Masu cewa a goga maganaɗisun sifika ma ɓata lokaci suke yi, domin a cikin faifan kansa akwai maganaɗisun da ya fi na sifika ƙarfi, kuma tare suke zaune da bayanan shekara da shekaru.

Ga abin da za ki yi da laftof ɗin. Ki fara kwashe abin da kike so zuwa filashi ko wani faifan, ki buɗe su a wata na'ura ki tabbatar sun kwafu. Ki fita daga Gmail da Facebook, ki shiga WhatsApp a wayarki ki cire kwamfutar daga jerin na'urorin da aka haɗa, sannan ki canza kalmomin sirrin da burauza, wato manhajar shiga intanet, ta taɓa adana miki. Idan Windows 10 ko 11 ce, ki nemi "Reset this PC", ki zaɓi "Remove everything". Kada ki yi saurin wucewa a nan. Ki danna "Change settings", ki kunna "Clean data", ki kuma zaɓi a goge dukkan ɓangarorin faifan, ba inda Windows take kaɗai ba. Wannan yana rubutu ne a kan tsofaffin kayan, shi ya sa yake cin awanni. Ki yi shi ranar da kike da tabbacin wuta, ko sola ko janareta, kada ta mutu a tsakiya. Zagaye ɗaya ya isa. Masu cewa sai an maimaita sau 35 sun ɗauko maganar ne daga wani bincike na 1996 da aka yi kan faya-fayan wancan zamanin.

Idan faifanki SSD ne, wato mara faranti, akwai ɗan bambanci. Shi yana rarraba rubutu a wurare daban-daban don kada gefe guda ya gaji, har yana da wurin ajiya na ko-ta-kwana da Windows ba ta gani. Saboda haka an fi so a yi amfani da umarnin gogewa na faifan kansa. A yawancin HP na ofis, irin su EliteBook da ProBook, idan kika danna F10 lokacin da take tashi za ki samu "Secure Erase" a ɓangaren tsaro. In ba ki iya ba, ki kai wa mai gyara, ki ja kujera ki zauna, a yi a gabanki. Idan an gama, ki ce ya sa Recuva ya bincika ku gani tare.

Ta maigida kuma, mutuwar kwamfuta ba mutuwar faifai ba ce. Sau da yawa akwatin wuta ne ya ƙone, faifan lafiyarsa ƙalau, kuma 'yan gwangwan sun san haka, suna ware shi su sayar wa masu gyara. A kwance murfin da sukundireba, a zare wayoyi biyu, a ciro shi. Ni da zan ba ki shawara, ki sa a haɗa shi da wata kwamfutar ku duba, watakila akwai hotunan da za ku yi kukan rashinsu. Bayan nan a kai wa mai walda ya huda shi wuri uku ko huɗu ta kan farantin, ko a sa guduma har farantin ya lanƙwashe. Na laftof sau da yawa farantinsa na gilashi ne, yana tarwatsewa, a naɗe shi a tsumma kafin a doka. SSD kuwa sai an farfasa baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allon ɗaya bayan ɗaya.

Ke mutum ɗaya ce kina wannan tunani, Allah ya saka miki. Ina ma ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu za su yi rabinsa. Tun watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, amma har yanzu za ki ga an yi gwanjon kwamfutocin ofis, an cika takarda biyar kan kuɗin kowace, babu layi ɗaya da ya tambayi abin da ke cikin faifan. Lambobin BVN na ma'aikata, hotunan ɗalibai, takardun albashi, duk su tafi a bayan a-kori-kura. Wannan amanar mutane ce, kuma za a tambaye mu.

Sauran gangar jikin ki ba 'yan gwangwan, amma kada ki bari a ƙona komai a ƙofar gida. Hayaƙin wayoyin da yara ke ƙonawa don cire jan ƙarfe guba ne, tsohon allon kwamfuta mai ƙusumbi kuma gilashinsa cike yake da dalma, kada a fasa shi. Batirin laftof, musamman idan ya kumbura, kada ya shiga bola, domin ana cinna wa bola wuta kuma yana fashewa. Ki ba mai gyara shi daban. Kafin mai saye ya ɗauki laftof ɗin, ki buɗe wurin sa faifan CD, ki duba ramin memori da ke gefe, ki kuma zazzage aljihunan jakarta.