Shin tsadar sabon littafi tana amfanar mai karatu?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ji ana cewa tsadar sababbin littattafai alheri ce, wai tana ƙarfafa marubuta, tana kuma sa kamfanonin ɗab'i gasa wajen inganta aiki. Shin haka ne?

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, sai dai an ɗauko ta ne daga wata ƙasa aka kuma juya ma'anarta. A Faransa, tun 1981 doka ta bai wa mai buga littafi ikon ƙayyade farashi, ta hana mai sayarwa yin ragin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari, domin kada manyan kantuna su karya farashi su kashe ƙananan shaguna. Abin da ake nufi a can shi ne daidaita farashi, wanda ya sha bamban da tsawwala shi.

A nan kuwa tsadar daga kuɗin aiki take fitowa. Yawancin takardar bugu daga waje ake shigo da ita, tun da masana'antun da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka kasa biyan buƙata, sannan faɗuwar darajar naira da cire tallafin man fetur a 2023 suka ƙara dagula lamarin. Ƙarin da kake biya yana ƙarewa ne a takarda da tawada da kuɗin mota, abin da ke isa hannun marubuci kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsadar take haifar da wata tsadar. Kuɗin tsara shafuka da shirya inji ɗaya ne, ko kwafi 500 za a buga ko 5,000, saboda haka idan masu saye suka ragu aka rage yawan bugu, dole kuɗin kowane kwafi ya ƙara hawa. Ka lura da mai baza littattafai a kan tabarma ranar kasuwa: uba zai ɗaga littafin ɗansa, ya tambayi kuɗi, ya ajiye a hankali, ya nufi wurin mai fotokwafi.

Ita kuwa gasa, araha ce ta raya ta a adabin kasuwar Kano, wato ƙananan littattafan labaran Hausa, galibi na soyayya, daga shekarun 1980, lokacin da marubuci ke buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, mata su saya ko su karɓi haya. Yau da yawa daga cikin irin waɗannan marubuta sun koma sayar da labari ta WhatsApp, fagen bugu ya rage wa masu babban jari da masu satar fasaha.