Tambayoyinku Kan Fasaha: Na'urar Tatsar Nono, Firiza Da Ɗauke Wuta

Saƙonnin wannan mako sun fi fitowa daga masu jego da mazajensu a nan Abuja. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Kubwa: Malam, hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, sai na sayi na'urar tatsar nono mai batir. Na jona ta da cajar wayata, ko alamar caji ba ta nuna. Ta lalace ne?

Amsa: Hajiya, kada ki yi saurin kai ta wurin masu gyara a kasuwar Banex. Duba igiyar cajin tukuna. Idan bakinta biyu duk ƙanana ne irin na USB-C, a nan matsalar take. Irin wannan caja ba ta sakin wuta sai ta ji wata sigina daga abin da aka jona, kuma yawancin na'urori masu araha ba a sa musu abin da ke ba da siginar ba. Nemo igiyar da bakinta ɗaya babba ne, irin na dā, ɗayan kuma USB-C, ki sa a caja mai rubutun 5V. Fawa bank ma zai yi. Mai 10,000 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) zai cika batir mai 2,000 mAh kamar sau uku, domin wani ɓangare na wutar yana salwanta wajen juyawa.

Idan kuma babbar na'ura ce da aka aiko daga Amurka, karanta jikin cajarta kafin ki jona. Wutarmu 230V ce. In an rubuta 100–240V, babu damuwa. In 120V kaɗai aka rubuta, za ta ƙone nan take.

Wata rana za ki ji injin yana ƙara amma ba ya zuƙa. Ba injin ba ne yawanci, ɗan robar nan ne mai kama da bakin agwagwa da ke ƙarƙashin mazurarin da ake kifawa a kan mama, ya saki ko ya tsage. Sayi na canji ki ajiye a jaka. Shi kuma mazurarin, in yana gogar kan nono har ki ji zafi, girmansa bai dace da ke ba. Ƙara ƙarfin zuƙa har ki ji zafi ba ya ƙara ruwan nono, ciwo kawai yake jawowa.

Tambaya daga wani magidanci a Lugbe: Maiɗakina ta tara nono a firiza. An ɗauke wuta tun jiya da yamma, inbata kuma ta mutu. Mu zubar ne?

Amsa: Malam, da farko dai a daina buɗe firizar don leƙawa. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda take rabi kuma kusan awa 24. Firji kuwa awa 4 ne kacal. Idan an buɗe, a ɗaga kowace leda a duba. Wadda har yanzu akwai ɓurɓushin ƙanƙara a ciki za a iya sake daskarar da ita. Wadda ta narke tas amma tana da sanyi, a ba jariri cikin awa 24, kuma ba a mayar da ita firiza. Wadda ta yi ɗumi, a zubar, komai takaicin wahalar da aka sha wajen tatsa.

Ga ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar, ku rubuta a wayarku: nonon da aka tatsa yanzu yana awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kodayake har wata 12 ana amfani da shi. Sai dai awa 4 ɗin nan na ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ne. A Abuja cikin Maris da Afrilu ɗaki marar iyakwandishan ya wuce haka nesa, don haka da an gama tatsa a kai shi firji. Mutanen Jos sun fi mu sa'a a wannan. Kula mai ƙanƙara tana riƙe nonon har awa 24, wadda ita ce mafita ga mai tatsa a ofis.

Wata dabara da ba ta cin ko sisi: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsakuwa a kai, a bar shi cikin firizar. In kun dawo daga tafiya kuka tarar da tsakuwar a ƙasan kofi, to kayan sun narke sun sake daskarewa ba ku nan. A riƙa ajiye nonon can ciki, ba a jikin ƙofa ba, kowace leda da kwanan wata, mililita 60 zuwa 120 don kada a yi asara. Wajen ɗumamawa a tsoma ledar a ruwan ɗumi. Ban da maikurowef, yana barin wani wuri da zafin da zai ƙona bakin yaro.

Tambaya daga wata amarya a Gwarinpa: Manhajar shayarwa da na sauke tana buga ƙararrawa bayan minti 10 in sauya wa yaron mama, amma yaron yana kuka. Surukata kuma ta ce zafi ne, a ba shi ruwa.

Amsa: 'Yar'uwa, kashe wannan ƙararrawar. Nono ba iri ɗaya yake fita daga farko zuwa ƙarshe ba: yana farawa tsararo, maiƙonsa yana ƙaruwa yayin da maman ke yin sako-sako. Bar shi ya sha har ya saki da kansa, sannan ki miƙa masa ɗayan. Amfanin manhajar shi ne ƙirga. Sabon jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a awa 24, kuma daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a rana. Wannan lissafin za ki nuna wa ma'aikaciyar jinya ranar awo. In manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarki ko sanin inda kike, hana ta, ba ta buƙatarsu.

Batun ruwa kuwa, a lallaɓa Hajiya da girmamawa. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. In zafi ya tsananta, a yawaita ba shi mama.

Tambaya daga Nyanya: Mamana ɗaya ya kumbura ya yi ja, ina jin zazzaɓi. A wani zauren WhatsApp an ce in daina shayarwa in sha tramadol.

Amsa: Hajiya, duka biyun kuskure ne. Daina shayarwa yana ƙara cushe maman. Ci gaba da ba jaririn mama kamar kullum, ki ɗora tsumma mai sanyi bayan ya sha, kada ki murza wurin da ƙarfi. Tramadol da kodin suna ratsawa cikin nono, suna iya sa jariri barci mai nauyi da wahalar numfashi, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansu a 2017. Farasitamol da ibuprofen ne aka saba ba mai shayarwa. Don duba kowane magani, buɗe shafin e-lactancia ko LactMed a burauza, ki rubuta asalin sunan maganin da ke jikin kwali, ba sunan kamfani ba. Amma tunda har da zazzaɓi, in ya kai awa 24 bai sauka ba, ko jan yana yaɗuwa, ki je asibiti a ranar, domin ana iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin wurin ya tara mugunya.